Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa: A Fara Auna Ƙarfin Jikin Ɗalibanmu

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, Abuja, ta hannunsa kuma zuwa ga shugabannin jami'o'i da jagororin ƙungiyar wasannin jami'o'i ta NUGA.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatan hukumarka. Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya.

Ni malamin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya ne a wata jami'a a Arewa. Da safe ina aji da alli, da la'asar ina fili da usur a wuya. Wasiƙar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Na rubuta ta da yawun abokan aikina masu koyar da wannan fanni, da masu horar da 'yan wasa, da ma'aikatan jinya na asibitocin cikin makaranta waɗanda su ake rugo wa da yaro idan ya yanke jiki ya faɗi. Na rubuta ta kuma da yawun ɗaliban da ba su taɓa shiga gasar komai ba. Su ne suka fi yawa, su ne kuma ba wanda yake tambayar halin da jikinsu yake ciki.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sabuwar manhajar jami'o'i ta CCMAS da hukumarka ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda hukuma ta tsara kashi 70 cikin ɗari nata, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Aiki ne babba, kuma mun yaba. Sai dai da muka duba darussan da suka hau kan kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko Larabci, mun ga Turanci, mun ga al'ummomi da al'adun Najeriya, mun ga falsafa da manɗiƙi, da zaman lafiya da sasanta rikici, da koyon sana'a. Jikin da zai ɗauki wannan karatu duka ya kai shi gida, shi ba mu ga inda aka ambace shi ba. Jami'a tana auna ƙwaƙwalwar yaro sau biyu a shekara, tana lissafa makinsa har da ɗigo, amma zai shiga ya fita cikin shekara huɗu ko biyar ba wanda ya taɓa sanin ko zai iya hawa bene hawa uku ba tare da ya tsaya ya dafa bango ba.

Bari in fayyace abin da nake nufi, don kada a ɗauka gudun fanfalaki nake so a sa kowa. Abu biyu ne. Na farko ƙarfin jiki, wato juriyar zuciya da huhu, ƙarfin damtse da ƙafa, laushin gaɓoɓi, da yadda nauyin mutum ya daidaita da tsayinsa. Wannan da agogo da sikeli ake auna shi. Na biyu shi ne abin da wata malamar Ingila, Margaret Whitehead, ta shafe shekaru tana yaɗawa, wanda ni a ajina nake kira sanin jiki: mutum ya kasance yana da sha'awar motsa jiki, ba ya jin kunya ko tsoron yi, ya iya yi, ya kuma san dalilin yinsa, har abin ya bi shi zuwa tsufa. Kakanninmu sun ga zamanin yaƙi da jahilci, lokacin da ake tara magidanta a gindin bishiya ana koya musu baƙi da wasali. To akwai jahilcin jiki, kuma mai digiri yakan yi fama da shi bai sani ba.

Gani ya kori ji. Wata rana na ɗauki 'yan aji ɗaya, ba 'yan sashenmu ba, na kai su bayan ɗakin karatu inda muke da wani benci na katako mai tsayin santimita 41. Gwajin ba wuya: a hau a sauka na minti uku, maza hawa 24 a minti, mata 22, sannan a tsaya a ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Wanda zuciyarsa ta fi saurin lafawa shi ya fi juriya. Kafin a fara na ce kowa ya nemo bugun jininsa a wuyan hannu. Sai aka tsaya kallon-kallo. Wani ya danna da babban yatsa, wani yana laluben gwiwar hannu, wata ta ce, "Malam, ni fa nawa ba ya bugawa." Aka yi dariya, ni ma na dara, amma abin ya tsaya mini a rai. Yaran nan sun ci jarrabawar ilimin halittu, sun zana zuciya da ɗakunanta huɗu a takarda, ba wanda ya taɓa kama hannunsu ya nuna musu tasu. Da aka hau benci kuwa, wani dogon saurayi da ya cika mu da labarin ƙwallon da yake bugawa a unguwarsu bai kai minti biyu ba ya zauna a ƙasa yana haki. Wata 'yar siririya da hijabinta har gwiwa ta gama minti ukun ta tsaya kamar ba ta yi komai ba. Na tambaye ta wane wasa take yi, ta ce ba ta wasa, ita dai a gida ita ce mai ɗebo ruwa da daka. Da ido kawai zan yi hukunci, da na saka su a gurbin juna.

Kukanmu na farko, ranka ya daɗe, takardar lafiya ce ta shiga jami'a. Kowane sabon ɗalibi ana neman ya kawo shaidar lafiya ko ya bi layi a asibitin makaranta. A inda abin ya yi kyau, akan duba rukunin jini da na sikila, a auna tsayi da nauyi, wani lokaci a ɗauki hoton ƙirji. A inda bai yi kyau ba, yaro yakan kawo takarda da hatimi wadda ba a ko taɓa jikinsa ba aka sa mata hannu. Ko wacce ce, ƙarshenta fayil ne a cikin kabad, ba mai sake buɗewa har ya gama. Kuma takardar cewa take yi ba shi da cuta a ranar, ba ta ce komai kan ƙarfinsa ba. Na taɓa gwada jinin wani ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai kafin atisaye, na ga ya haura 140 bisa 90 da nisa, wato iyakar da ake cewa jini ya hau. Na bar shi ya huta na sake, na sa ya dawo washegari na sake, abin yana nan. Ya ce mini ciwon kan da yake yi ya ɗauka na karatun dare ne, sai ya riƙa sayen maganin ciwon kai a kemis yana korawa da lemon ƙara kuzari. Yana aji uku a lokacin. Shekara uku yana ratsa ƙofar asibitin makaranta kullum, ba abin da ya taɓa shigar da shi.

Irin wannan yaro ne muke miƙa wa hukumar yi wa ƙasa hidima, a tashe shi da asuba a sansani na mako uku ana fareti da tattaki, alhali rabonsa da gudu tun yana firamare. Can ma takardar lafiya zai nuna.

Kuka na biyu shi ne yadda aka mayar da wasanni a jami'a abin 'yan tsiraru. NUGA tun 1966 take, kuma ta fitar da 'yan wasan da ƙasa ta yi alfahari da su, ba mai musun wannan. Amma idan shugaban jami'a ya tashi ba da rahoton wasanni, lambobin zinare yake ƙirgawa. Tawagar da za ta je gasa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa a makarantar da take da ɗalibai dubu goma-goma. Kowa yana biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, amma mafi yawa ba su san ƙofar ɗakin motsa jiki ba, in ma akwai shi. Yammacin Laraba da aka saba keɓewa don wasanni a jami'o'i da dama, yau shi ne lokacin da malami yake sa darasin ramuwa ko gwaji, saboda ya san a lokacin ne zaure yake zama fanko. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na taɓa yin haka sau ɗaya bayan wani dogon yajin aiki, ina jin usur ɗin abokin aikina daga fili ina rubutu a allo.

A halin da ake ciki kuma rayuwar ɗalibi ta sauya. Da can yaro yakan taka daga ɗakin kwana zuwa aji, ya yi wankinsa, hutu ya zo ya tafi gona. Yanzu daga gado sai Keke Napep, daga Keke Napep sai benci, daga benci sai waya har tsakar dare, abinci kuwa taliyar 'yan yara da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. A 2024 kuma ta bayyana cewa kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni, mata kashi 34, maza kashi 29. Ina ɗalibanmu suka faɗo a wannan lissafi? Idan Ministan Ilimi ya tambaye ka gobe, daga wane kundi za a ɗauko masa amsa?

Kuka na uku na 'yan'uwanmu mata ne, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fili ɗaya ne, maza sun cika shi da ƙwallo, wasu sun jeru a gefe suna kallo. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar kunya ba za ta ratsa su ta fara gudu ba, kuma ba laifinta ba ne. Wasu ɗalibaina sun gaya mini bayan sallar asuba suke zagaya tsakar ɗakin kwanansu, kafin gari ya waye a gan su, wasu kuma tsallen igiya suke yi a ɗaki a tsakanin gadaje. Sha'awa tana nan ke nan, wuri ne babu. Yarinyar nan ta taso tana gaɗa da 'yar gala-gala, sai ta kai shekara goma sha biyu a ce ta girma ta zauna, daga nan shi ke nan. Ita ce kuma gobe za ta ɗauki ciki, ta yi goyo, ta tsaya aiki a asibiti ko a aji wuni guda. Duk wani tsarin awo da bai tanadi wuri mai sirri da ma'aikata mata ba, rabin ɗalibai zai auna ya ce ya gama.

Na huɗu, ba mu da ma'aunin kanmu. Idan na gwada ɗalibi da gudun minti 12 da Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968 don sojojin saman Amurka, ko gudun kai-da-komo na mita 20 da Luc Léger ya tsara a Kanada, jadawalin da zan duba in ce ya yi kyau ko bai yi ba, a jikin wasu mutane aka gina shi, masu wata cimar, a wani yanayin. Zanen aro ba ya rufe katara. Wani sanannen ma'aunin sanin jiki ma, na Kanada da ake kira CAPL, don yara 'yan shekara 8 zuwa 12 aka yi shi, bai dace da mai gemu ba. Ba kuma rashin masana ne ya jawo ba. Tun 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka mayar da tambayoyin auna motsa jiki na duniya, IPAQ, zuwa Hausa, suka gwada ingancinsu, aka buga a mujallar ƙasa da ƙasa. A Zariya da Kano da Maiduguri akwai sassan da suka daɗe suna koyar da wannan fanni. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe suna auna 'yan'uwansu don kundin kammala karatu, wannan da irin nasa gwajin, wancan da nasa, a ɗaure kundin da baƙin bango a jibge a kan kanta, ƙura da gara su raba. Da a ce hanya ɗaya ake bi a ko'ina, a tara sakamakon wuri guda, da tuni muna da jadawalin ɗan Najeriya.

Kafin in kawo roƙo, akwai abin da nake tsoro, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Mu nan idan aka ce a yi abu, sai a mayar da shi jarrabawa da tara. A ƙasar Sin, kowane ɗalibin jami'a ana gwada shi duk shekara: maza gudun mita 1000, mata 800, da gudun mita 50, da tsalle, da ƙarfin huhu, kuma bisa ƙa'idar 2014 wanda makinsa bai kai 50 ba a ƙarshe ba ya samun cikakkiyar shaidar kammalawa. Jami'ar Tsinghua ma daga 2017 ta ce sai ɗalibi ya iya ninƙaya ta mita 50. Daga tsarinsu a ɗauki naci da adana bayanai, amma don Allah kada a ɗauko sharaɗin digiri. Ranar da aka ɗaura digiri a ƙafar gudu, ranar za a fara hayar mai gudu, a fara sayen maki, mai asma kuma ya ɓoye cutarsa ya shiga layi cikin ƙurar hunturu. Ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya zama zakaran gudu, amma idan aka matsa masa fiye da kima cikin zafi da ƙishirwa yana iya faɗuwa faɗuwar da ba tashi. A Amurka sai da wani ɗan wasan Jami'ar Rice ya faɗi a wurin atisaye ya rasu a 2006, kafin hukumar wasannin jami'o'insu ta shigar da gwajin sikila cikin sharuɗɗan manyan 'yan wasanta a 2010. Mu da muke da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ba sai mun jira gawa ta koya mana ba.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

Hukumarka ta fitar da tsarin awo guda ɗaya ga dukkan jami'o'i, a yi wa ɗalibi sau biyu aƙalla, a shekarar shiga da shekarar fita. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba: sikeli, tef ɗin awo irin na tela, na'urar gwada jini, benci, agogo, da 'yar na'urar auna ƙarfin damƙa. Ita wannan ta ƙarshe kada a raina ta. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2015, kan manya maza da mata kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk ragin kilo 5 a ƙarfin damƙa yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari. A haɗa da gajerun tambayoyi, da Turanci da harsunanmu, kan abin da ɗalibi ya sani game da jikinsa, da abin da yake hana shi motsawa. Duka bai wuce rabin awa ba.

Kafin kowa ya hau benci ko ya yi gudu a tantance shi: ciwon ƙirji, jiri, asma, sikila, juna biyu, maganin da yake sha. A yi gwajin da sanyin safiya, da ruwan sha a kusa da ma'aikacin jinya a tsaye, kada a yi shi cikin azumi ko tsakiyar bazara. Masu buƙata ta musamman a tanadar musu gwajin da ya dace da su, kada a ce su koma gefe su riƙe wa mutane jaka.

Sakamako ya zama sirri tsakanin ɗalibi da asibiti, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Kada a manna nauyin 'yar mutane a allon sanarwa. A ba kowa katinsa a hannu, a zaunar da shi minti biyar a yi masa bayani, wanda aka ga jininsa ya hau a tura shi ga likita a ƙarƙashin inshorar ɗalibai ta TISHIP. Alƙaluman da aka cire wa sunaye kuma a aiko wa hukumarka, ta riƙa buga rahoto duk shekara.

A sa ɗan gajeren darasin sanin jiki cikin darussan kowa da kowa, wanda halarta ce makinsa, ba saurin ƙafa ba. Jami'o'i ba sai sun jira Abuja ba, kashi 30 ɗin nan da aka bar musu ya ishe su. A buɗe shi ga tafiyar sauri, da keke, da langa, da kokawa, da tsallen igiya, duk abin da zai sa yaro ya yi gumi ya kuma yi marmarin dawowa.

A mayar mana da yammacin Laraba da takardar umarni, kuma idan tawagar tantance kwasa-kwasai ta zo, yadda take ƙirga littattafai da kujerun ɗakin gwaje-gwaje, ta leƙa fili, ta tambayi ina mata suke motsa jiki da kuma ranakun da aka ware musu. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ɗauki nauyin binciken da zai samar mana da jadawalinmu na gida, a ɗauko jami'o'i daga kowace shiyya, a gayyato Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a 2024 ta sa hannu. NUGA kuma ta ƙirƙiro kofi ɗaya ga jami'ar da ta fi yawan ɗalibai masu fitowa fili, ko ba ta ci zinare ko ɗaya ba.

Ma'aikata ba za su yi wuya ba. 'Yan aji uku da aji huɗu na sashenmu, da na sashen gashin ƙashi da na jinya, dama suna neman inda za su gwada hannunsu, sai a horar da su a ƙarƙashin malamansu. Idan hukumarka tana son a fara gwaji da 'yan jami'o'i kaɗan a zangon karatu mai zuwa, mu a shirye muke mu kawo daftarin tsarin da hannunmu har Abuja, da bayanin kayan aiki da kuɗinsu. Benci dai muna da shi, kafinta ya gyara masa ƙafa a makon jiya.

Allah ya ƙara wa Babban Sakatare lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Naka,
Malamin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansu.